Mai kula da rumbun bayanai: aikinsa, kayan aikinsa da inda ake koyonsa a Adjamé da Treichville

Rumbun bayanai, wanda takardun Faransanci ke kira base de données, ma'ajiya ce a cikin kwamfuta inda ake jera sunaye, lambobi, kwanan wata da kuɗi bisa tsari, ta yadda mutane da yawa za su iya dubawa da gyarawa a lokaci guda ba tare da lissafi ya rikice ba. Wanda aka damƙa wa amanar wannan ma'ajiya shi ne mai kula da rumbun bayanai. A tallan neman ma'aikata na Abijan za ka ga an rubuta administrateur de bases de données, ko DBA a taƙaice. Ba shi ke rubuta manhajar da mai kanti ke latsawa ba, ba kuma shi ke ja wayoyin intanet ba. Aikinsa shi ne bayanai su zauna daidai, su fito da sauri, kada idon da bai kamata ba ya gan su, kuma in ta ɓaci a iya maido da su.

A Abijan, ƙananan hukumomi biyu sun isa misali. Adjamé gari ne na kasuwa da tasha: Forum des marchés, kasuwar wayoyi ta Black Market, kasuwar Gouro, da tashoshin motocin da ke zuwa Wagadugu, Bamako da Yamai. Ƙidayar 2021 ta samu mutum kimanin 340,000 a cikinta, amma masu shigowa da rana sun ninka haka. Treichville kuwa, a ɗaya gefen ruwan Ébrié, nan tashar jiragen ruwa take, da tashar jirgin ƙasa na Sitarail, da babban asibitin CHU, da makarantar ESATIC. Ɗan kasuwar da ya sauke albasar Galmi a Adjamé, da dillalin da ke fitar da kaya daga tashar ruwa zuwa Nijar, da mai shagon tura kuɗi ta waya, ko sun sani ko ba su sani ba, sunansu da dukiyarsu na kwance cikin rumbunan da wasu ke kula da su. Ƙidayar nan ta ce kashi 22 cikin 100 na mutum miliyan 29.4 da ke zaune a Kodibuwa ba 'yan ƙasa ba ne, don haka kuskuren da aka yi a irin waɗannan rumbuna yakan fi faɗa wa baƙo.

Yadda rumbun yake

Yawancin rumbunan da ake aiki da su a yau suna bin tsarin da Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM, ya bayyana a 1970. Ana raba bayanai zuwa jadawali: ɗaya na abokan ciniki, ɗaya na kaya, ɗaya na bashi. Kowane layi yana da lamba tasa wadda ba ta maimaituwa, kuma da wannan lamba ake haɗa jadawali da ɗan'uwansa. Amfaninsa shi ne ba a rubuta abu ɗaya sau biyu. Idan abokin ciniki ya canza lambar waya, wuri ɗaya ake gyarawa. Harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi ana ce masa SQL, kuma tun 1986 aka daidaita ƙa'idojinsa. A makarantun ƙasashe masu Faransanci, ɗalibi yakan fara da hanyar zayyana da ake kira Merise, wadda aka ƙirƙiro a Faransa a ƙarshen shekarun 1970, shi ya sa wanda ya yi karatu a Abijan ko Yamai zai yi maka maganar MCD da MLD, ɗan'uwansa na Kano ko Zariya ya tsaya yana kallonsa. Abu ɗaya suke nufi, suna ne ya bambanta.

Akwai kuma wata ƙa'ida da duk harkar kuɗi ta dogara a kanta: aiki ko dai ya kammala gaba ɗaya, ko ya zama kamar ba a taɓa fara shi ba. Idan ka tura sefa dubu goma ta Orange Money, wanda ya fara aiki a Kodibuwa a 2008, ko ta Wave ko MTN, abu biyu ne ke faruwa: a cire daga asusunka, a zuba a na wancan. In wuta ta ɗauke a tsakiya, rumbun kirki zai soke cirewar. Tebur ɗin Excel ba ya yin haka.

Ba raina Excel ake yi ba, ya yi wa ƙananan shaguna hidima mai yawa. Sai dai yana da iyaka. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta rasa lissafin kusan mutum 16,000 da suka kamu da korona, saboda an zuba sakamakon gwaji a tsohon samfurin Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Idan mangaza ta kai ga mutum uku suna shigar da kaya a lokaci guda, ko ana aika wa juna fayil ta WhatsApp har ba a san wanne ne na ƙarshe ba, lokacin rumbu na gaske ya yi.

Darasin 31 ga Janairun 2021

Ranar ce lambobin wayar Kodibuwa suka tashi daga alƙaluma takwas zuwa goma. Hukumar sadarwa ta ARTCI ta tsara cewa a ƙara 07 a gaban lambobin Orange, 05 a na MTN, 01 a na Moov, wayoyin girke kuma su ɗauki 27, 25 ko 21. Ga talaka, aikin bai wuce gyara sunayen da ke cikin wayarsa ba. Ga bankuna, asibitoci, kamfanonin sufuri da duk wanda ke aika saƙon tes ga dubban mutane, aikin mai kula da rumbu ne kacokan.

Inda aka ƙayyade wa gurbin lambar waya alƙaluma takwas, dole aka faɗaɗa shi kafin a zuba sabuwar lamba. Inda aka ajiye lambar waya a matsayin adadi na lissafi, sifirin farko ya ɓace, domin a wurin kwamfuta 07 da 7 duk ɗaya ne. Lambar waya ba adadi ba ce, ba a tara ta ba a raba ta, saboda haka a matsayin rubutu ake ajiye ta. Sai kuma tantance wace lamba ce ta wane kamfani ta duba alƙalumanta na farko, da ware lambobin ƙasashen waje don kada a ƙara musu abin da ba nasu ba. Nan ne jadawalin ɗan kasuwar Bahaushe ya fi wahala, don a cikinsa akwai lambobin Nijar masu alƙaluma takwas, daidai tsawon tsofaffin lambobin Kodibuwa. In ba a rubuta +227 a gabansu ba, ba yadda na'ura za ta bambance. Wani tarkon kuma: bayan +234 na Najeriya ana jefar da sifirin farko, amma bayan +225 ana barinsa. Jamhuriyar Benin ma ta koma alƙaluma goma a ƙarshen Nuwamban 2024, don haka wannan aiki ba na sau ɗaya ba ne.

Yadda ƙwararru ke yin irin wannan sauyi ba ya canzawa. A ɗauki kwafin rumbun tukuna, a gwada gyaran a kan kwafin, a ƙirga layuka kafin da bayan, a rubuta hanyar komawa baya, sannan a taɓa na gaske a lokacin da ciniki ya lafa.

Sunayenmu da haruffanmu

Wannan shi ne sashen da littattafan Turai ba sa koyarwa. Mutum ɗaya zai iya zama Aboubacar a takardar haihuwarsa ta Maraɗi, Abubakar a katin wani banki na Kano, Boubacar a rasiɗin wani ofishi na Abijan. Haka Haoua da Hauwa, Ousmane da Usman, Mahamadou da Muhammadu. Ga wanda aka rubuta masa né vers, wato an haife shi wajejen shekara kaza, sai ka tarar an cike masa 1 ga Janairu ko 31 ga Disamba, shi da wasu dubbai. Sannan tsarin nom da prénom na Faransanci bai dace da al'adarmu ta sunan mutum da na mahaifinsa ba, magatakarda ɗaya ya sa wannan a gaba, wani ya sa wancan. Sakamakon abu biyu ne, kuma dukansu suna da illa: mutum ɗaya ya zama biyu a cikin rumbu, ko mutum biyu su zama ɗaya, bashin wani ya hau kan wani.

Maganin da ƙasashe suka kama shi ne lamba ɗaya tak ga kowane mutum, haɗe da zanen yatsa. A Kodibuwa hukumar ONECI, wadda aka kafa a 2019 a madadin ONI, ita ke riƙe da kundin RNPP da ke ba da lambar shaida ta NNI. Inshorar lafiya ta CMU, wadda dokar 2014 ta kafa, kuma ta shafi duk mazaunin ƙasar a kan sefa 1,000 a wata, ita ma da zanen yatsa take rajista. Shawarar da ta fi amfani ga mai karatu a nan ita ce ya zaɓi rubutun sunan da ke kan takardarsa mafi ƙarfi, fasfo ko katin ofishin jakadanci, ya tsaya a kansa a ko'ina, ya kuma karanta abin da aka shigar kafin ya bar gaban tebur. Gyaran harafi ɗaya bayan an buga kati yakan ci makonni.

Haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba sa cikin tsohon tsarin latin1 da yawancin tsofaffin manhajojin Faransanci ke amfani da shi, shi ya sa Ɗanladi ke fitowa da alamar tambaya a farkon sunansa. Tsarin UTF-8 ya ɗauke su duka, a MySQL kuma utf8mb4 ake zaɓa. Waƙafin sama da ke cikin Sa'idu da Rabi'u, ko N'Guessan na maƙwabtanmu Baule, shi ma jarrabawa ce. Manhajar da ta tsaya cik don an rubuta mata irin wannan suna ta tona asirin kanta, domin ta wannan ƙofa ce ɓarayin intanet ke cusa umarnin SQL su kwashe rumbu.

Akwai wasu ƙananan tarkuna na yankinmu. A kasuwa da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar, kamar yadda Julawa ke yi da nasu dorome. Yaron shago da aka ce masa dala ɗari ya rubuta 100 a maimakon 500 ya ɓata lissafin wata guda. A rubuta a saman gurbin cewa sefa ake nufi. Agogon Abijan yana bayan na Yamai da Kano da awa ɗaya, don haka kuɗin da aka tura ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare a Adjamé ya riga ya shiga washegari a Maraɗi. Excel na Faransanci kuma da waƙafi yake raba ɓangaren adadi, na Ingilishi da ɗigo, abin da ke dagula fayil idan ya ƙetare iyaka.

Kwafin ko-ta-kwana

Idan aka ce a zaɓi aiki ɗaya da mai kula da rumbu ba zai taɓa sakaci da shi ba, to wannan ne. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Wanda ya san tarihin kasuwanninmu ba ya bukatar dogon bayani: babbar kasuwar Treichville ta ƙone a 1997, ta Yamai a 1982, ta Sabon Gari a Kano a 2016. Kwafin da ke cikin aljihun teburin da kwamfutar take kai, tare za su tafi.

Ajiya a intanet ma ba ta raba mutum da tunani ba. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVHcloud a Strasbourg, kuma abokan cinikin da kwafinsu ke wuri ɗaya da asalin sun yi asarar bayanansu. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, ACE, SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Kodibuwa, intanet ya yi rauni ƙwarai a Abijan da ƙasashe maƙwabta. Bayanan da ke Turai suna nan lafiya, amma ba hanyar kai musu. Wannan ne ya sa ake ƙara waiwayar cibiyoyin ajiya na cikin gida, irin waɗanda ke yankin fasaha na VITIB a Grand-Bassam. A ganina, ga matsakaicin ɗan kasuwa, haɗawa ta fi: kwafi ɗaya a gida, ɗaya a nesa.

Tambayoyi biyu mai dukiya zai yi wa ma'aikacinsa. In na'urar nan ta mutu yanzu, cinikin awa nawa za mu rasa? Kuma awa nawa za mu yi kafin mu koma aiki? Wanda ke ɗaukar kwafi sau ɗaya a mako ya yarda ke nan ya rasa cinikin kwana shida. Kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba kuwa, fata ne kawai. A gwada shi a kan wata kwamfuta aƙalla sau ɗaya a wata uku. A haɗa da batirin riƙon wuta, onduleur, domin yankewar lantarki a tsakiyar rubutu na iya lalata fayil. Dokar lissafin kuɗi ta OHADA, wadda Kodibuwa da Nijar duk suke ciki, ta wajabta ajiye takardun lissafi shekara goma, kuma tun 2025 hukumar haraji ta DGI ta shigo da rasiɗin lantarki na FNE, wanda ke nufin lissafin shago zai riƙa haɗuwa da na hukuma kai tsaye.

Doka

Doka mai lamba 2013-450 ta 19 ga Yunin 2013 ita ce ke kare bayanan mutane a Kodibuwa, ARTCI ke sa ido a kanta. Duk wanda ke tara bayanan jama'a dole ya sanar da hukumar, wasu nau'o'i kuma, kamar zanen yatsa da lambar shaidar ƙasa, sai da izini. Mutum yana da haƙƙin ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya nemi a gyara. Fitar da bayanai zuwa ƙasar da ba ta cikin CEDEAO shi ma sai an nemi izini. Tun da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a 29 ga Janairun 2025, kamfanin sufuri ko na tura kuɗi da ke raba rumbu ɗaya tsakanin Adjamé da Yamai ya kamata ya tuntuɓi ARTCI a kan matsayinsa. A Nijar hukumar HAPDP ce ke wannan aiki, a Najeriya kuma NDPC a ƙarƙashin dokar 2023.

A aikace, kiyaye doka yana farawa da abu mai sauƙi: kowane ma'aikaci da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa, kuma a ba shi izinin abin da aikinsa ke bukata kaɗai. Mai karɓar kuɗi ba ya bukatar ikon share jadawali. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a rufe ƙofarsa a ranar. Kalmar sirri ɗaya da kowa ya sani a shago ita ce ke sa a rasa wanda za a tuhuma idan kuɗi suka yi ƙafa.

Kayan aiki

Manyan bankuna da kamfanonin waya sun daɗe da Oracle, wanda ya fito kasuwa a 1979, mai ƙarfi ne kuma mai tsada. Matsakaitan kamfanonin Abijan da ke lissafi da Sage 100 suna kan SQL Server na Microsoft, ko da ba su sani ba. Samfurinsa na kyauta, Express na 2019 da 2022, ba ya wuce gigabait 10 ga rumbu ɗaya, kuma mangazar da ta daɗe tana ciniki takan ci karo da wannan bango ba zato. Access iyakarsa gigabait 2. Manhajoji da yawa na kantin magani da makarantu an rubuta su da WinDev, mai nasa rumbun HFSQL. A ɓangaren kyauta akwai MySQL na 1995, da MariaDB da ya ɓalle daga gare shi a 2009, da PostgreSQL, wanda Odoo ke tafiya a kansa, haka ma DHIS2 da ma'aikatun lafiya na Kodibuwa, Nijar da Najeriya ke tara alƙalumansu da shi. Don aikin yau da kullum akwai DBeaver, pgAdmin da phpMyAdmin, don ɗaukar kwafi kuma pg_dump, mysqldump da RMAN na Oracle. Idan bincike ya yi nauyi, umarnin EXPLAIN ke nuna inda ake bukatar fihirisa.

Hanyar koyo

ESATIC, da aka kafa a 2012, tana kan titin da a da ake kira Boulevard de Marseille a Treichville. Ana shiga da jarrabawa bayan bakaloriya, tana ba da digirin farko da na biyu, ciki har da fannin SIGL na tsarin kwamfuta da ƙirar manhaja. Akwai INP-HB a Yamoussoukro, jami'ar Félix Houphouët-Boigny a Cocody, da jami'ar intanet ta UVCI da aka kafa a 2015, wadda ta dace da mai aiki da rana. Gajeriyar hanya ita ce BTS na shekara biyu a fannin IDA, wanda makarantu masu zaman kansu da yawa ke koyarwa. Wanda ya riga ya kama aiki a kamfani mai rajista ya tambayi maigidansa batun FDFP, asusun horar da ma'aikata da ofishinsa ke Treichville: kamfanoni na zuba masa kashi 1.2 cikin 100 na albashi don ƙarin horo, amma ƙananan kamfanoni ba kasafai suke neman rabonsu ba.

Takardun shaida na kamfanoni, kamar OCP na Oracle ko DP-300 na Microsoft, suna buɗe ƙofa a bankuna, sai dai kuɗin jarrabawarsu da dalar Amurka ake biya, kuma takarda ba ta maye gurbin hannu. Ba kasafai ake ɗaukar sabon ɗalibi kai tsaye a wannan muƙami ba. Yawanci mutum yakan fara da rubuta manhaja ko gyaran na'urori, a hankali a miƙa masa makullin rumbu. Matashin da ke gyaran waya a Black Market zai iya farawa da tsohuwar kwamfuta ɗaya: ya girka PostgreSQL kyauta, ya zuba littafin bashin shagon gidansu a ciki da izinin masu shi, ya ɗauki kwafi, ya share rumbun da gangan, ya maido da shi. Yawancin littattafan jagora na waɗannan manhajoji da Ingilishi suke fara fitowa, ofisoshin Abijan kuma da Faransanci suke aiki, saboda haka yaron da ya taso tsakanin Kano da Adjamé, ko tsakanin Kumasi da Treichville, yana da jarin da zai ambata a takardar neman aikinsa. Tsarin SIGMAT da ke haɗa kwamfutocin duwan na ƙasashen yankin don bin sawun kayan da ke ratsa iyaka, wanda aka soma tsakanin Kodibuwa da Burkina Faso a 2019, da kuma dandalin GUCE na shige da ficen kaya, suna cikin wuraren da kamfanonin fiton kaya na Treichville ke neman mai irin wannan hannu.